Zare da Danƙo: Masana'antar da Gudunta Ya Wuce Ƙwarewarta

Ranar 13 ga Yulin 2024, fiffiken wani injin samar da lantarki daga iska ya karye a cikin teku, kudu da tsibirin Nantucket na jihar Massachusetts a Amurka. Tsawonsa mita 107, wato ya ɗara filin ƙwallo, injin kuma sabo fil ne. Cikin 'yan kwanaki tarkacen gilashi da soso suka cika bakin ruwa, hukuma ta rufe wuraren wanka ana tsaka da cin kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Da kamfanin GE Vernova ya bi sawu, sai ya tarar tun daga masana'antarsa ta Gaspé a Kanada ɓarnar ta faro: gam ɗin da ya kamata ya riƙe sassan fiffiken bai kama da kyau ba, masu duba aiki kuma abin ya wuce su. Dole aka koma binciken fikafikai kusan 150 da suka fito daga wannan masana'anta, daga baya kuma kamfanin ya amince zai biya garin Nantucket dala miliyan 10.5.

Abin da aka ƙera fiffiken da shi, masana na ce masa kwamfozit, a kasuwanninmu kuwa an fi saninsa da faiba. Zare ne mai tsananin ƙarfi, na gilashi ko na kabon, da ake jiƙawa da danƙon sinadari a bar shi ya daskare. Duk wanda ya taɓa ganin magini na cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya mulmula tubali ya san hikimar: ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma idan suka haɗu sai katanga ta ga jikoki. Zare ke ɗaukar nauyi, danƙo ke riƙe shi a inda aka shimfiɗa shi. Abin da ake samu yana da ƙarfin ƙarfe, bai kai shi nauyi ba, ba ya kuma tsatsa. Shi ya sa rabin nauyin gangar jirgin Boeing 787 wannan haɗin ne, a Airbus A350 kuwa ya kai kashi 53 cikin ɗari. Da shi ake yin jiragen ruwa, tankuna, bututu, tukwanen gas da kekunan tsere.

A ganina matsalolin da ake lissafa wa wannan masana'anta, tsada da jinkiri da ɓoyayyen aibi da sharar da ba ta ruɓewa, duk uwarsu ɗaya ce. Mai aikin ƙarfe yakan sayo ƙarfensa an riga an gama shi, an gwada, an ba shi takardar shaida, nasa kawai yanka da lanƙwasa da walda. Shi kuwa mai aikin zare da danƙo, lokaci guda yake haifar da kayan da kuma abin da aka yi kayan da shi. Kafin danƙo ya daskare babu kaya, bayan ya daskare kuwa bakin alƙalami ya bushe. Duk kuskuren da hannu ya yi a wannan 'yar tazara ya shige ciki ke nan, ya kwanta yana jiran ranarsa. Sana'a mai irin wannan hali natsuwa take so, kasuwa kuma ta daɗe tana kora ta da bulala.

Tsada tun daga tushe

Zaren kabon daga man fetur da iskar gas yake samo asali. Kusan kashi 90 cikin ɗari nasa ana yin sa ne daga wani zaren roba, ɗan uwan wanda ake saƙa rigunan sanyi da shi. Ana jan wannan zare ta cikin tanderu mai zafin digiri 200 zuwa 300 har ya yi baƙi, sannan a wuce da shi wani tanderun da ya haura digiri 1,000, inda aka kore iskar da wuta ke ci don kada ya ƙone ƙurmus. Kafin ya fito, kusan rabin nauyinsa ya bi iska. Abin da ya rage sili ne da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin mutum ba. Wutar da aikin ke lanƙwamewa ta ninka ta ƙarfe sau da dama a kowane kilo, farashin ma ko na mafi arha ya ninka na ƙarfe sau goma ko fiye.

Kamfanin BMW ya gwada karya wannan tsada. Shi da kamfanin SGL sun kafa masana'antar zare a garin Moses Lake na jihar Washington, saboda arhar wutar madatsun ruwa da ke yankin. Ɗanyen zare ya taso daga Japan, a gasa shi a Amurka, a saƙa shi a Wackersdorf ta Jamus, a zuba shi a Landshut da Leipzig. Motar i3 da ta fito a 2013 abar alfahari ce ga injiniyoyi, amma da aka daina ƙera ta a 2022, bayan an yi kimanin guda 250,000, akasarin motocin lantarkin da suka gaje ta ƙarfe da alminiyom suka koma. Dalilin a fili yake. Injin matse ƙarfe cikin 'yan daƙiƙoƙi yake fitar da ƙofar mota, danƙo kuwa ko an yi masa dabarar duniya sai ya ci mintuna kafin ya kama.

A ɓangaren jiragen sama lamarin ya fi haka nauyi. Ƙyallen da aka riga aka jiƙa da danƙo a firiza yake kwana, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma da zarar an fito da shi an fara ƙirga masa kwanaki, idan wa'adi ya cika ba a yi aiki da shi ba sai bola. Bayan an shimfiɗa shi, sai a tura shi cikin wata ƙatuwar tukunyar matsi a gasa shi awanni a zafin da ya kai digiri 180. Ginin da Boeing ya buɗe a Everett a 2016 don fikafikan jirgin 777X ya ci sama da dala biliyan ɗaya, kowace tukunya a cikinsa tsawonta ƙafa 120. Duk da haka, an ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na zaren kabon da ake saye a matsayin yanke-yanke da ragowa yake ƙarewa.

Sai kuma batun a hannun wa kayan suke. Zaren da ya cancanci shiga jirgin sama 'yan kamfanoni ƙalilan ke yin sa, irin su Toray da Teijin da Mitsubishi Chemical na Japan da Hexcel na Amurka, kuma da yake da shi ake ƙera makamai masu linzami da injinan tace yuraniyom, ba ya ƙetare iyaka sai da lasisin gwamnati. Zaren gilashi kuwa fiye da rabinsa daga Sin yake fitowa. Da kamfanin Jushi na Sin ya kafa masana'anta a yankin Suez na Masar, Tarayyar Turai ta bi shi can da haraji a 2020, tana cewa tallafin gwamnatin Sin ne ya sauya riga. Hatta itacen balsa mara nauyi da ake cusawa a cikin fikafikan injin iska ya taɓa zama abin rububi. A 2019 da 2020, lokacin da kamfanonin Sin ke rige-rigen kammala ayyuka kafin tallafin gwamnati ya ƙare, masu saran itace sun kutsa dazukan Amazon na ƙasar Ekwado har cikin yankunan 'yan asalin wurin. A Fabrairun 2021 kuma sanyin da ya daskarar da masana'antun sinadarai na Texas ya jefa masu sayen danƙo cikin watanni na ƙaranci da tsada.

Aibin da ido ba ya gani

Wanda ya leƙa inda ake ƙera fiffiken injin iska zai yi mamakin yawan aikin hannu. Mazubin dogon kwami ne, ya fi tsawon layin gidaje. Ma'aikata cikin fararen kaya, takalmansu a naɗe don kada su kawo ƙura, suna tafe a cikinsa suna shimfiɗa ƙyallen gilashi, shimfiɗa kan shimfiɗa, suna shafe kowace da tafin hannu don ta kwanta. Idan sun gama sai a lulluɓe komai da leda, a liƙe bakinta, a kunna famfon da ke zuƙe iska. Daga nan danƙo zai fara bin ƙananan tiyo yana ratsa ƙyallen, ana kallon farin yana rinewa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Huda ɗaya a jikin ledar ta isa ta bar wani wuri a bushe. Ƙyalle ɗaya da ya tattare a ƙarƙashin 'yan uwansa ya isa ya rage wa wurin ƙarfi sosai. A ƙarshe a kifa rabi a kan rabi, a haɗa su da gam, a yi fenti. Daga waje, mai aibi da mara aibi duk sumul suke.

Ƙarfe idan ya sha duka yakan lotsa, idan ya gaji yakan nuna tsaga, mai dubawa ya gani. Faiba kuwa sai guduma ta faɗo masa, fuskarsa ta kasance lafiya lau, alhali shimfiɗun ciki sun rabu. Don haka ake bin sa da na'urar sikanin mai aiki da sauti, taku bayan taku, har yau kuma akwai masu duba aiki da ke ƙwanƙwasa shi da kwabo ko 'yar guduma suna kasa kunne, inda sautin ya mutu nan ɓarna take. Wannan bincike na cin lokaci da kuɗi, shi ne kuma abu na farko da ake tsallakewa idan oda ta yi yawa.

Mafi munin misali shi ne jirgin nutso na Titan, wanda ya murƙushe ranar 18 ga Yunin 2023 a hanyarsa ta zuwa tarkacen Titanic, mai zurfin kusan mita 3,800, ya hallaka mutum biyar har da shugaban kamfanin OceanGate mai jirgin, Stockton Rush. Gangarsa zaren kabon ce mai kaurin inci biyar. Masu bincike na Amurka sun tarar da tattarewa da ramukan iska a tsakanin shimfiɗunta. An ji wata ƙara mai ƙarfi a jikinta tun a 2022 aka ci gaba da nutso, an bar ta a waje ta sha sanyin hunturun Kanada, babban ma'aikacin da ya nemi a yi wa gangar jirgin kamfanin sikanin kuwa tun 2018 aka sallame shi. Rahoton rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka na Agustan 2025 cewa ya yi haɗarin abin kaucewa ne.

Kada a ce ƙaramin kamfani ne mai taurin kai, manyan ma sun ɗanɗana. Daga ƙarshen 2020 zuwa Agustan 2022, in ban da 'yan ƙalilan, Boeing bai miƙa jiragen 787 ga masu saye ba, saboda giɓin da aka gano a mahaɗar sassan ganga, giɓin da bai fi kaurin takarda ba. A Janairun 2022 kamfanin ya rubuta asarar dala biliyan 3.5 a kan wannan. Qatar Airways da Airbus sun kai juna kotu a Landan kan fentin A350 da ke ɓarewa yana tona ragar tagullar da ke kare jirgi daga tsawa, sai a Fabrairun 2023 suka sasanta. A Yunin 2023 hannun jarin Siemens Energy ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a yini guda, bayan an gano tattarewa a fikafikan injinan reshensa na Siemens Gamesa da kuma matsala a boris ɗinsu. Kamfanin ya ware Yuro biliyan 1.6 don gyara, kafin shekara ta ƙare sai da gwamnatin Jamus ta tsaya masa lamunin Yuro biliyan 7.5. Tarihi ma ya riga ya yi gargaɗi: fikafikan zaren kabon da Rolls-Royce ya sa wa injin jirgin sama na RB211 sun tarwatse a gwajin karo da tsuntsu, suna kuma cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin a 1971.

Tseren girma

Me ya sa masana'antun injin iska suka fi kowa shan wahala? Gaggawa. Injinan da aka kafa a tekun Vindeby na Denmak a 1991 kilowat 450 kowanne ke bayarwa, fiffikensu bai kai mita 20 ba. Yau injin Vestas mai megawat 15 fiffikensa ya haura mita 115, kamfanonin Sin kuma sun wuce nan. Kowane sabon samfuri na bukatar sabon mazubi, sabon horo, sabbin kurakurai da za a koya daga gare su. Kafin ma'aikata su saba da wannan, ofishin talla ya sayar da wanda ya fi shi. Gwamnatoci kuma gwanjo suke yi, mai mafi arhar wuta shi ke samun kwangila, sai matsin ya gangaro har kan mai shimfiɗa ƙyalle. Kamfanin TPI Composites, wanda a lokacin yake ƙera wa manyan kamfanoni fikafikai a Meziko da Turkiyya da Indiya, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Agustan 2025, a daidai lokacin da duniya ke kafa injinan iska fiye da kowane zamani.

Masu kare masana'antar za su ce kayan ba su da laifi, kuma suna da gaskiya. Ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin A350 na Japan Airlines ya yi karo da wani jirgi a filin jirgin sama na Haneda ya kama da wuta, amma gangarsa ta jure har mutum 379 da ke ciki suka fice da ransu. Sai dai wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Ingancin jirgin fasinja daga dubban gwaje-gwaje yake zuwa, daga ɗan guntun da bai fi tafin hannu ba har zuwa cikakken fiffike da ake lanƙwasawa, ana shafe shekaru kafin hukuma ta sa hannu. Farashin wannan natsuwa shi ne jinkiri. Boeing bai taɓa wuce jiragen 787 guda 14 a wata ba, alhali Airbus na neman kaiwa 75 a wata na dangin A320 masu gangar alminiyom. Duk wanda zai ƙera magajin waɗannan ƙananan jirage da zare da danƙo, sai ya samo hanyar ninka gudu sau biyar ba tare da ya rage bincike ba. Ana gwada mutum-mutumin shimfiɗa zare, da danƙon da ke kamawa ba sai an shiga tukunyar matsi ba, da irin robar da ake narkarwa a yi mata walda. Har yanzu babu wanda ya nuna hakan a sikelin kasuwa.

Ranar da kaya suka tsufa

Danƙon da aka fi amfani da shi idan ya daskare ba ya sake narkewa. Kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin injin iska ana iya sake sarrafa shi, domin ƙarfe ne da tagulla da kankare, fiffike ne ke gagara. A farkon 2020 hotunan ɗaruruwan fikafikai da katafila ke binnewa a bolar garin Casper na jihar Wyoming sun zagaya duniya. Wani nazari na Jami'ar Cambridge a 2017 ya ƙiyasta cewa sharar fikafikai za ta kai tan miliyan 43 nan da 2050. Jamus da Ostiriya da Holan da Finlan sun hana binne irin wannan shara, ƙungiyar WindEurope ma tun 2021 ta nemi a hana a Turai baki ɗaya.

Hanawa ba wuya, ina za a kai su? Mafi yawan abin da ake kira sake sarrafawa a yau shi ne a niƙa fiffike a zuba a tanderun siminti, danƙo ya zama makamashi, gilashi ya maye gurbin yashi. Idan aka ƙone danƙon don a ceto zaren, abin da ke fitowa gajere ne, gilashin ma ya yi rauni, sabon zaren gilashi kuma arha gare shi, to wa zai sayi tsoho? Zaren kabon ne kaɗai tsadarsa ke biyan wahalar. A garin Sweetwater na Texas, wani kamfani ya karɓi kuɗi da alkawarin sarrafa dubban fikafikai, ya jibge su a fili, har GE ya maka shi a kotu a 2023. Akwai alamun ci gaba: Siemens Gamesa ya kafa fikafikai masu danƙon da ake iya narkarwa a tekun Jamus a 2022, Vestas kuma ya sanar da hanyar warware tsohon danƙo a 2023. Amma tun ran gini ran zane. Abin da ba a ƙera shi don a warware ba, warware shi asara ce, kuma muddin binnewa ta fi arha, binnewa za a yi.

Ga kuma lafiyar masu aikin. Sinadarin sitayirin, mai warin nan da ke tashi a yawancin wuraren da ake aikin faiba, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Danƙon ifoksi na sa wa fata borin da ba ya rabuwa da mutum, ƙurar yankan faiba kuma huhu take nufa. Sana'ar na neman ƙwararren hannu, tana biyan ladan lebura, sannan ana mamakin yadda ma'aikata ba sa zama.

Inda abin ya shafe mu

Muna iya ɗaukar wannan duka a matsayin rigimar masu jiragen sama, amma kayan sun riga sun iso. Tashar lantarkin iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37 da aka tsara za su ba da megawat 10, fikafikanta faiba ne, ƙura da yashi kuma sanannun masu cinye bakin fiffike ne. Bayan haɗurran jiragen ruwa irin na Patigi a Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu, hukumomin tarayya sun yi ta kiran a sauya kwale-kwalen katako da na faiba. Shawarar ba laifi, sai dai tsohon matuƙi yana gane ruɓaɓɓen katako da ido da hannu, ba shi da hanyar gane jirgin faiban da aka rage wa shimfiɗa biyu aka rufe da fenti mai ƙyalli. Haka tukwanen gas na mota da ake naɗewa da zare: suna da ranar ƙarewar aiki, suna bukatar dubawa lokaci-lokaci. Sayo kayan ba tare da horar da masu dubawa da masu gyara ba, sauya wa haɗari kama ne kawai.

Akwai kuma dama. Toyota da Ford sun yi amfani da zaren rama a allunan cikin ƙofofin mota, ana kuma yawan haɗa shi da irin robar da matatar Dangote ta fara fitarwa a 2025. Zaren tsiro na shan danshi, ingancinsa na bambanta daga gona zuwa gona, don haka ba zai shiga fiffiken jirgi ba. Amma silin, allon gini, kujerun makaranta da jikin Keke Napep ba sa bukatar ginin dala biliyan.

Abin da masana'antar ke bukata a duniya bai wuce uku ba, kuma babu na ɗakin bincike a cikinsu. Masu injin iska su tsaya a kan 'yan samfura na wasu shekaru har hannu ya faɗa, gwamnatocin da ke ba da kwangila kuma su riƙa auna inganci tare da farashi. Binciken kaya ya fita daga ƙarƙashin manajan da ake auna shi da yawan abin da ya fitar, ya koma hannun wanda ke da ikon tsayar da aiki ba tare da tsoron kora ba. Sannan kuɗin warware kaya ranar da suka tsufa ya shiga farashinsu tun ranar sayarwa, ya zama wanda ya ƙera shi ne zai karɓi abinsa. Kowanne daga cikin ukun zai ƙara tsada a yau, shi ya sa babu kamfanin da zai fara shi kaɗai yana kallon abokan gasarsa na wuce shi. Aikin hukumomi ne da kamfanonin inshora da manyan masu saye su ɗora wa kowa lokaci guda.